Ruwan da Aka Ɓata wa Lokaci: Tarihin Fadamar Haɗeja da Nguru

Kogin Haɗeja ba mai gaggawa ba ne. Bayan kogin Kano da na Challawa sun haɗu a kudancin birnin Kano, ruwan ya ratsa Wudil ya nufi Ringim, sai ya bar ƙasa mai dutse a ƙarƙashinta ya faɗa rairayin kwarin Tafkin Chadi, inda tsofaffin jigayi suka jeru tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa har nan. Daga wajajen Haɗeja zuwa gabas ƙasa ta kwanta shimfiɗe, har ruwa ya rasa gangaren da zai bi, sai ya rarrabu. Ga reshen Kafin Hausa da ya ɓalle tun kafin a iso gari, ga tsohon kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Daga kudu kuma kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum, shi ma ya watsu. Sai dab da Gashuwa ruwan ke sake tattaruwa ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak, ya raba Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, ya ƙare a Tafkin Chadi wajen Bosso. Tsakanin watsuwar nan da tattaruwar nan fadamar take, mazaunin Hausawa da Badawa da Barebari da Mangawa da Fulani.

Yawancin gardamar da ake yi a kanta tun shekarun 1980 ta rabon fili ce da rabon ruwa: nawa za a ba manomi, nawa za a bar wa tsuntsu, nawa Kano za ta riƙe, nawa za ta saki. Tarihin wurin kuwa yana nuna cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya riƙe fadamar shekaru aru-aru, ta ciyar da jama'a ba tare da ta mutu ba, shi ne rabon lokaci. Fili ɗaya ne, amma masunci da manomi da makiyayi suna karɓa-karɓa a kansa, ruwa ne kuma ke kaɗa musu gangar shiga da ta fita. Madatsun da aka gina a sama sun rage yawan ruwan, babu musu, sai dai babbar ɓarnarsu ita ce ɓata masa lokaci. Sun hana shi zuwa sa'ad da ake jiransa, sun kuma hana shi tafiya sa'ad da ya kamata ya tafi.

Ga yadda shekara take tafiya kafin madatsun. Da ruwan farko ya sauka, manomi ya shuka geronsa a tudu, sai ya gangara fadama ya watsa shinkafa a ƙasar da ba ta riga ta nutse ba. Ruwan kogi ba ya isowa sai damina ta yi nisa, ya fara malala cikin Yuli da Agusta, ya cika maƙil wajen Satumba. Shinkafar gargajiya takan yi tsere da shi, yana hawa tana tsawo. A daidai lokacin ne tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu ke barin kwarin kogi su bazu cikin ciyawar da ta nutse, su yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a inda jiya-jiya shanu ke kiwo, domin kashin shanun ne ma ke ciyar da ƙananan halittun da kifin ke ci. Da kaka ta shigo ruwa ya fara janyewa, kifi ya juya zai koma kogi, sai masunta su tare shi a mashigai da tarkuna da koma da mamari. Wanda ya maƙale a tafkuna a bar shi sai rani. Ƙasar da ruwa ya bari da laka da danshi, manomi ya bi ta a baya-baya yana shuka wake da rogo da kabewa, ba ban-ruwa ba taki. A gaɓar kogi masu jigo su yi albasa da alkama. Sannan, bayan an kwashe amfani, garken Fulani ya sauko daga tudun da ya bushe, ya ci harawa da kara da ɗanyar ciyawar da ta tsiro a sawun ruwa, ya bar taki. Mata na yankan kaba, ana tsinkar goruba, ana tono bado a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci. A ƙarshe bazara ta zo ta ƙone komai ƙurmus, ƙasa ta tsattsage, kwarin kogi da yawa su zama rairayi. Wannan bushewar ba asara ba ce, tana cikin aikin, kuma a kanta ne rabin labarin ya rataya.

Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta watanni a kan rairayi yana tsiyaya ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi, shi ne kuma ke riƙe da dazuzzukan bagaruwa da giyayya da goruba waɗanda ruwan sama kaɗai ba zai raya su a wannan yanki ba.

Karɓa-karɓar ba ta tafiya da kanta, akwai masu tsaronta. Muddin ruwa na malale, kowa na iya jefa birginsa inda ya ga dama. Da zarar ya janye ya bar tafkuna, kowane tafki na da mai shi ko mai kula da shi, bulama ne ko lawani ko sarkin ruwa, kuma ba a shiga sai ranar da aka buɗe, a kuma fitar da kason mai iko. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar, gyauron wannan al'ada ce ta rufe ruwa sai ranar da Mai Bade ya ba da izini. Makiyayi ma ba ya sauka da garke sai arɗo ya gaida mai gari an nuna masa burtali da mashaya. Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, waɗannan masu sarauta ba don kishin muhalli suke yi ba, kasonsu suke karewa, kuma talaka ya sha zalunci a hannun wasunsu. To, amma kason bulama na baɗi ya dogara ne da kifin da aka bari bana, saboda haka son zuciyarsa da lafiyar tafkin suka zama ɗaya. Shari'a ma ta san wannan tsari. Kalmar hurumi da Bahaushe ke kiran filin da aka keɓe wa jama'a daga fiƙihu ta fito, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa da keɓe makiyaya tun farkon daular Sakkwato. Kada kuma a ɗauka noman cika ciki kawai ake yi a nan. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, bandar kifi da shanu da fatu na yankin suke tafiya har kasuwannin kudu.

Waɗanda suka datse kogin ba mugaye ba ne, kuma rashin adalci ne a yi musu hukunci ba tare da tuna shekarun da suka yi aiki a ciki ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu a duk faɗin yankin Sahel, kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa. Gwamnan Kano na lokacin, Audu Bako, ya ga cewa jihar da ta fi kowace cunkoso a Arewa ba za ta ci gaba da rataya rayuwarta a kan damina ta wata huɗu ba. An riga an yi madatsar Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974, aka haƙa magudanan da ke kai ruwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa kusa da Ƙaraye, da nufin ciyar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo. Madatsun Tiga da Challawa suka riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Kuskuren yana cikin lissafi ne. A idon injiniyan da ya zana aikin, ruwan da ya malala a fadama ya bi iska ko ya nutse ƙasa, ruwa ne da ya salwanta. Shinkafar Guri da kifin Nguru da nonon rugagen Jakusko ba su shiga littafin gwamnati ba, don haka aka ƙirga su a matsayin babu. Abin mamaki, a lokacin Haɗeja kanta cikin jihar Kano take, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Nguru da Gashuwa kuwa suna wata jihar dabam, ba su da bakin magana a inda aka yanke shawarar.

Masu auna faɗin ambaliya sun nuna cewa filin da ruwa ke rufewa, wanda yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. A nan ne masu kare madatsun ke da hujjarsu mafi ƙarfi: ai shekarun nan na fari ne, 1983 da 1984 sun fi na 1973 muni a wurare da yawa, Tafkin Chadi kansa ya ƙafe ya ja baya, to me ya sa za a ɗora wa Tiga laifin da na sama ne? Hujjar tana da nauyi, kuma ba mai hankalin da zai ce fari bai taka rawa ba. Amma fari baƙo ne da fadamar ta saba da shi. Ta sha ganin shekarun ƙarancin ruwa ta kuma farfaɗo da zarar damina ta gyaru, domin iri da ƙwan kifi da saiwar ciyawa duk sun san jira. Da fari ne kaɗai matsalar, da dawowar ruwan sama a shekarun 1990 ta mayar da komai yadda yake. Ruwan ya dawo, fadamar ba ta dawo ba. Abin da ya bayyana a madadinta shi ne kachala.

Kachala ba baƙuwar ciyawa ba ce, da ma tana nan a 'yan wuraren da ruwa ba ya ƙafewa. Abin da ke hana ta yaɗuwa shi ne rani, wanda ke busar da saiwarta, wuta ta cinye ta, kofaton shanu ya tattake sauran. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu duk tsawon rani don gonakin ban-ruwa, ragowarsa ta riƙa gangarowa a hankali, kwarin da a da ke bushewa wata biyar ya zama kullum a jiƙe, ruwa kaɗan-kaɗan mara ƙarfi, irin wanda kachala ke so. A ɗaya gefen kuma babbar ambaliyar damina da ke share kwarin kogi ta kwashe yashi ta daina zuwa da ƙarfinta. Yashi ya taru, kachala ta kafu a kansa, ita kuma ta ƙara tare wani yashin. Cikin 'yan shekaru reshen Kafin Hausa da tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe ko suka kusa, ruwa ya karkata kusan gaba ɗaya zuwa Marma da tafkin Nguru. Sakamakon ya zo iri biyu masu kishiyantar juna, a ƙauyukan da tafiyar yini ɗaya ce ta raba su. Mutanen Marma gonakinsu sun nutse shekara da shekaru ba sa fitowa, har wasu garuruwa suka tashi. Mutanen Burum Gana kuwa suna kallon busasshen kwari. Masunci ya rasa inda zai tura jirgi ko ya jefa birgi, jan-baki ya samu maɓoyar da ba ya da irinta yana fitowa ya cinye shinkafa da gero, sauro da katantanwar tsargiya suka samu gida. Ko a shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2001 da 2010, bai zo da albarkar da aka saba ba, ya zo ne a matsayin bala'i, domin hanyoyinsa a toshe suke, ya fasa ta cikin gari. Duk wanda ke ganin matsalar ta yawan ruwa ce kawai, ba shi da amsar da zai ba mutumin Marma, wanda ruwa ya yi wa yawa har ya talauce.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta fari wuyar amsawa. Kano birni ne na miliyoyin mutane da ke shan ruwan Tamburawa da Challawa, kuma tumatir da shinkafar Kura da Kadawa yau suna ciyar da ƙasa, suna riƙe da iyalai masu ɗimbin yawa. Za a ce musu su bari don masunta? A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun yi lissafin da ba a yi ba kafin a gina Tiga. Sun ƙirga noma da kamun kifi da itacen girki na fadama kawai, ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi ba, suka tarar cewa kowane ma'aunin ruwa da ya malala a fadama yana haifar da riba ninkin-ba-ninkin abin da yake haifarwa a gonakin aikin ban-ruwa na kogin Kano, wato na Kadawa da Kura da Bunkure. Wani binciken da ya biyo baya a 1998 ya nuna cewa in aka kammala dukan madatsun da aka tsara, ribar noman ban-ruwa ba za ta rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a ƙasa ba. Lissafin ya tsufa, gonakin Kura sun fi da albarka yanzu, amma ginshiƙinsa bai gushe ba: ambaliya tana yin aiki huɗu ko biyar da ruwa ɗaya, kyauta, ba famfo ba siminti. Ruwan sha na birni kuwa ƙaramin kaso ne in aka kwatanta da abin da gonaki ke sha da wanda rana ke ɗauka daga saman madatsun. Ba wanda ke neman a rushe Tiga. Abin da ake nema shi ne a saki ruwa da ƙarfi a tsakiyar damina, a kuma tsuke shi na wasu makonni a rani don kwari ya bushe. Wannan ma ba kyauta ba ne, dole a faɗa, domin aikin Auyo da dubban masu injin ban-ruwa a gaɓar kogi yanzu da ruwan ranin nan suke rayuwa.

Masu injin nan su ne shaidar cewa ba gwamnati kaɗai ta karya karɓa-karɓar ba. A shekarun 1980 hukumomin raya karkara irin su KNARDA sun raba ƙananan injinan ban-ruwa da rangwame, sai kuma gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, farashinta ya yi sama, kowa ya ruga fadama. Aka sare daji, aka kewaye gaɓar kogi da alkama da tattasai da albasa, har da manyan mutane daga birni da suka samu fili ta hannun masu iko da ƙasa, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mai da ikon ƙasa hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Filin da a da yake zama na makiyayi daga Janairu zuwa saukar damina ya zama gona shekara cur. Bafulatani ya sauko a lokacin da kakanninsa ke saukowa, ya tarar da shinge a kan burtali da kore shar a bakin mashaya. Rigingimun da aka yi ta zubar da jini a kansu a yankin Guri da Kiri Kasamma da Birniwa, asalinsu ke nan: mutum biyu ne kowanne da gaskiyarsa, aka haɗa su a wata ɗaya bayan da can wata uku ne tsakaninsu.

Masu kare muhalli sun iso ne ta ƙofar tsuntsaye. Fadamar masauki ce ga dubban ɗaruruwan tsuntsayen ruwa, wasu 'yan gida kamar ɗinya da ƙirinjijiya, wasu kuma masu ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu. A 1987 Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na waje suka kafa wani shiri a Nguru, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci tafkin Dagona a 1989, a 1991 aka sa Dagona cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Chadi, a 2000 kuma tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, Baturiya ta biyo baya a 2008. Tunanin farko na wannan ɓangare, in an duba da kyau, ɗan'uwan na injiniya ne. Shi ma layi yake ja a ƙasa ya ce nan na tsuntsu, can na mutum, a hana su da kiwo da sara a cikin layin. Mutumin ƙauyen da aka hana tafkin kakanninsa don agwagwar Turai yana da dalilin jin haushi. Kuma layin bai kare komai ba, domin tafkin Dagona ba mai gadi ke cika shi ba, ambaliya ce, ita kuwa a Tiga da Challawa ake yanke hukuncinta, ɗaruruwan kilomita daga shingen. Abin yabo ga shirin Nguru shi ne ya gane haka da wuri, ya koma auna ruwa da ƙirga amfanin da jama'a ke samu, har ya zama daga cikinsa ne hujjojin da aka tunkari hukumar koguna da su suka fito. Tsuntsun da masuncin abu ɗaya suke jira, a wata ɗaya.

A takarda an amince da wannan tuni. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da na Yobe wanda manoman tattasai na Diffa ke dogara da shi. A 2006 gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato sun haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya da asusun da zai ɗauki nauyinsa. Abin da aka fi gani a ƙasa tun daga lokacin shi ne yankan kachala, da lauje a aikin gayya ko da injinan da jihohi suka saya, ita kuma tana sake tsirowa muddin ƙafarta na cikin ruwa duk shekara. Kogin Jama'are ne ya rage ba a datse shi ba. An fara madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi a zamanin Shagari, aka dakatar, aka sake tayar da aikin a farkon shekarun 1990, aka sake dakatarwa, kuma duk lokacin da Bauchi ta ɗago maganar, Yobe da Borno sukan miƙe tsaye. Mafi yawan ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashuwa a yau na Jama'are ne, yana zuwa cikin damina, yana janyewa da kaka.